Barcin Kwamfutar Tafi-da-Gidanka a Inda Wuta Ba Ta Tsayawa: Gano Matsala da Gyaranta a Yankin Funtuwa da Malumfashi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin matsalolin da ke biyo bayan rufe murfin kwamfutar tafi-da-gidanka: ta ƙi yin barci, ko ta farka da kanta cikin jaka, ko ta ƙi farkawa, ko ta farka babu aikin da aka bari a kanta. An auna ƙa'idojin da aka gina barcin kwamfuta a kansu da yanayin wuta da na kasuwar kwamfuta a kudancin Jihar Katsina. Maƙalar ta kafa hujja cewa bincike ya kamata ya fara daga batir da caja kafin manhaja, cewa dogon barci ne ya dace ya zama tsarin yau da kullum a yankin, kuma cewa fomatin, wanda shi ne maganin da aka fi garzayawa gare shi, yakan haifar da matsalar da aka zo gyarawa.

1.0 Gabatarwa

Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ɗandume, Ƙafur da Malumfashi gidan masara ne da dawa da auduga da waken suya. Rubuta bayanan noma ba baƙon abu ba ne a nan, domin Funtuwa na cikin wurare uku, tare da Gusau da Gwambe, da aka fara shirin bunƙasa aikin gona da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970. Abin da ya sauya shi ne wurin rubutun. Lissafin dillalin taki da maganin feshi, rajistar manoma a hannun malamin gona, cike fom ɗin JAMB a shagunan intanet, kundin ɗalibi, duk sun koma kan kwamfuta.

Galibin kwamfutocin nan tokumbo ne: HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad da suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, suka biyo ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko Kano. Wutar da za su dogara da ita ta KEDCO ce, sai janareta da sola. Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 tayar da janareta ya zama abin lissafi. A watan Oktoban 2024 kuma, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan layin Ugwuaji zuwa Apir ya sami matsala, jihohin Arewa da dama, har da Katsina, sun yi fiye da mako guda babu wuta.

Manufar maƙalar ita ce samar da tsarin bincike da mai gyara ko mai amfani zai iya bi da abin da ke cikin kwamfutar kanta, ko babu intanet.

2.0 Bitar Ra'ayoyin da Suka Gabata

Ra'ayi na farko na masu ƙera na'ura ne. A 1992 Intel da Microsoft suka fitar da ƙa'idar APM, wadda ta bar sarrafa wuta a hannun BIOS. A Disambar 1996 ƙa'idar ACPI ta maye gurbinta, da hannun Intel da Microsoft da Toshiba, ta mayar da ragamar ga babbar manhaja. ACPI ta kasa halin kwamfuta daga S0, wato tana aiki, zuwa S5, wato an kashe ta. Biyu ne suka shafi wannan nazari. A S3, wanda za a kira gyangyaɗi, ana kashe kusan komai a bar RAM da 'yar wutar da za ta riƙe abin da ke cikinta. A S4, wanda za a kira dogon barci, ana kwafe abin da ke RAM zuwa faifan ajiya a kashe wutar gaba ɗaya. Kwamfutar da ke S4 kamar gaiwa take da ta shige laka tana jiran damina: ko wata nawa aka yi, ba ta cin komai.

Ra'ayi na biyu ya zo da Windows 8 a 2012, inda Microsoft ya so kwamfuta ta riƙa yin abin da wayar hannu ke yi: sikirin a kashe, amma tana karɓar saƙo, kuma ta farka nan take. Wannan tsari, da ya sami sunan Modern Standby a Windows 10, ba ya barin S0 ko kaɗan, rage cin wuta kawai yake yi. A nan za a kira shi likimo. Sababbin kwamfutoci da yawa sun daina zuwa da S3 sam.

Ra'ayi na uku na masu rubuta kanel ɗin Linux ne, waɗanda takardunsu suka fi ɗora laifi a kan direba, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa wani ɓangare na na'ura, ko a kan kuskuren BIOS. Sun tanadi kayan gwaji masu kyau ƙwarai.

Na huɗu ra'ayin teburin gyara ne a kasuwa: "Bairos ne, sai an yi mata fomatin."

Ukun farko sun yi tarayya a zato guda da ba su furta ba: batir lafiyayye ne, kuma soket na kusa. Na huɗu bai tsaya bincike ba ma.

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin na ƙwanƙwance ne da kwatance. An ɗauki yadda ACPI ta bayyana kowane hali, da kayan binciken da Windows 10 da 11 da kuma Linux suka zo da su, aka jera su gefe da gefe da sharuɗɗa huɗu na yankin: tsufan batir, cajar da ba ta asali ba, yankewar wuta, da ƙarancin data. An kasa matsalolin bisa alamar da ido ke gani, domin da alama mai kwamfuta ke zuwa wurin gyara. Alƙaluman da ke 4.1 lissafin misali ne don nuna ma'auni. A ɓangaren Linux an kula da farfajiyar aiki, wato GNOME da KDE Plasma da Xfce da Cinnamon, domin ita ce ke tsakanin mai amfani da kanel.

4.0 Nazari

4.1 Ta yi barci, ta tashi babu komai

Alamar a bayyane take. An rufe murfi da yamma a kan lissafin da ba a adana ba, da safe aka danna maɓalli, tambarin HP ko Dell ya fito, Windows ta taso daga farko. Fitowar tambarin tare da ɓacewar aikin na nufin RAM ta rasa wuta a wani lokaci cikin dare. Babu direban da za a zarga tukuna.

A ɗauki batir mai ƙarfin watt-awa 45 yana sabo, da gyangyaɗin da ke cin rabin watt. Zai riƙe RAM awa 90, kusan kwana huɗu. Idan batirin ya tsufa ya koma watt-awa 10, kuma an rufe murfi yana da rabin caji, awa 10 ce kawai. Wanda ya rufe da la'asar, kafin asuba aikinsa ya tafi. Idan kuwa likimo ne da wata manhaja ta hana shi sauka ƙasa, har yana cin watt 5, awa ɗaya ta isa.

Ana iya ganin lafiyar batir ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba. A Windows umarnin powercfg /batteryreport yana fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma wanda yake iya ɗauka yanzu. A Linux ana kwatanta fayilolin energy_full da energy_full_design, ko charge_full da charge_full_design, a ƙarƙashin /sys/class/power_supply. Rumbun tarihin Windows ma yana ba da shaida: lamba 42 ta Kernel-Power na nuna shiga barci, idan kuma lamba 41 ce ta biyo bayanta ba tare da shaidar farkawa ba, kwamfutar ta mutu ne tana barci.

Akwai tarko a nan da ya cancanci a tsaya a kansa. Windows na da kariya: idan caji ya sauka zuwa kashi 5 cikin ɗari, za ta shiga dogon barci da kanta. A Linux, UPower na jira har kashi 2. Kariyar ta dogara da cewa ma'aunin batirin gaskiya yake faɗa. Tsohon batir, musamman wanda aka sauya wa ƙwayoyi a kasuwa aka bar masa tsohon da'irar lissafinsa, yakan nuna kashi 40 sannan ya yanke lokaci guda. Bai taɓa kaiwa kashi 5 ba balle kariyar ta motsa. Ko da ta motsa ma, rubuta hoton RAM na buƙatar lokaci. A kwamfuta mai RAM gigabait 8, fayil ɗin hiberfil.sys na Windows 10 yakan kai kashi 40 na RAM, wato gigabait 3.2, kuma tsohon faifai mai juyawa na iya ɗaukar rabin minti kafin ya rubuta mai yawan haka. Batirin da ke gargara ba lallai ya ba da wannan rabin mintin ba. Gyaran shi ne a ɗaga matakin kariyar zuwa sama da inda aka lura batirin ke yankewa, ko da kashi 30 ne ko 40.

Caja ma na da hannu. Cajar Dell na da siririyar allura a tsakiyar bakinta wadda ke gaya wa kwamfuta irinta da ƙarfinta. Idan allurar ta karye, ko cajar jabu ce, BIOS kan yi gargaɗin bai gane ta ba, kwamfutar ta yi aiki amma ta ƙi cajin batir. Mai ita na ganin ta wuni a soket, alhali batirin bai ƙaru da komai ba. Ga kuma zafin bazara, da a watannin Maris da Afrilu kan haura digiri 35 a yankin, wanda ke gaggauta tsufan batirin litiyam.

4.2 Ta ƙi barci, ko ta farka cikin jaka

Malamin gona da ya rufe kwamfuta a Ƙafur ya hau babur zuwa Malumfashi, ya buɗe jaka ya tarar da ita da zafi, fanka na gudu, caji ya ƙare, ya gamu da ɗayan biyu: ba ta yi barcin ba tun farko, ko wani abu ya tashe ta.

Mataki na farko shi ne sanin irin barcin da na'urar ke yi. Umarnin powercfg /a zai faɗa ko S3 ne ko likimo. A Linux fayil ɗin /sys/power/mem_sleep zai nuna deep ko s2idle, wanda ake amfani da shi yana cikin baka. Idan duka biyun sun bayyana, ƙara mem_sleep_default=deep a layin kanel na mayar da na'urar ga S3. Wasu ThinkPad suna da wannan zaɓi a cikin BIOS.

Daga nan powercfg /requests zai nuna manhajar da ke riƙe da kwamfutar a farke, sau da yawa mai kunna bidiyo ko sauti ce, ko saukar fayil da bai ƙare ba. Takwaransa a Linux shi ne systemd-inhibit --list. Abin da ya tashe ta kuwa, powercfg /lastwake da /waketimers da /devicequery wake_armed ne za su tona shi, a Linux kuma /proc/acpi/wakeup. Wanda aka fi kamawa shi ne linzami mara waya da aka jefa jaka ba a kashe ba: duk ramin da babur ya faɗa, motsi ne da ke tashin kwamfutar. Modem da waya da aka bari a ramin USB na biye.

Wutar yankin na ƙara wani dalili. Kwamfutar da ke likimo takan kunna sikirin idan aka jona mata caja. A inda wuta ke zuwa tana komawa, ko janareta ke ja yana saki, kowace dawowar wuta jonawa ce sabuwa. Ga mai irin wannan na'ura, powercfg /sleepstudy na fitar da jadawalin kowane barci da abin da ya ci caji a cikinsa.

Akasin wannan ma na faruwa, kwamfuta ta yi barci ana tsakiyar aiki. Na'urar gane rufe murfi da maganaɗisu take aiki, don haka wayar da aka aza kusa da kibod, ko wata kwamfutar da aka ɗora wannan a kanta a teburin gyara, na iya ruɗar ta.

4.3 Ta farka, sikirin baƙi ƙirin

A nan ne kaɗai ra'ayin masu kanel ke da cikakken rinjaye. Fitila na ci, fanka na juyawa, ba a ganin komai. Idan fitilar Caps Lock na amsawa, tsarin na raye, direban hoto ne bai dawo ba. A Windows danna Win da Ctrl da Shift da B tare na sake tayar da shi. A Linux Ctrl da Alt da F3 na kai mutum ga allon rubutu, inda journalctl zai nuna abin da ya faru. Idan sai da aka kashe ta da ƙarfi, journalctl -b -1 na karanto tarihin tashin da ya gabata. Fayil ɗin /sys/power/pm_test na ba da damar gwada barcin mataki-mataki, na'urar ta dakata daƙiƙa biyar ta dawo, har a gano matakin da take maƙalewa. Masu katin hoto na NVIDIA su tabbata an kunna hidimomin nvidia-suspend da nvidia-resume.

4.4 Fomatin da abin da yake bari a baya

Idan aka sake ɗora Windows ba tare da direban hoto na Intel ko AMD ko NVIDIA ba, tsarin na amfani da direban wucin gadi mai suna Microsoft Basic Display Adapter. Sikirin zai nuna hoto, mai gyara ya karɓi kuɗinsa. Amma wannan direba ba ya ɗaukar S3, don haka zaɓin Sleep kan ɓace daga jerin maɓallin kashewa, kuma powercfg /a zai ambaci hoto a matsayin dalili. Kwamfutar da aka kawo saboda batirinta ya gaji ta koma gida da batirin nan dai, ga kuma sabuwar cuta.

A wuri mai arhar data Windows kan sauko da direban da kanta. A nan ana kashe sabuntawa don tsimin data. Yankin ya ma ga abin da ya fi haka: a Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, Funtuwa da Bakori da Malumfashi na ciki, kuma an yi watanni a haka. Shagon da ke son aikinsa ya tsaya ko babu sabis sai ya ajiye direbobin hoto da na cifset na samfuran da suka fi yawa a kasuwa a kan filasha.

Wata ɗabi'ar ita ce ba da umarnin powercfg /h off don samar da fili a ƙaramin SSD mai gigabait 128. Ana samun gigabait uku ko shida, a rasa dogon barci, a kuma rasa kariyar kashi 5 da aka ambata, tunda ita ma da shi take aiki. Cinikin hasara ne.

Fast Startup, da ya zo da Windows 8, na da nasa ruɗanin. Idan aka zaɓi Shut down, Windows na rufe manhajojin mai amfani amma ta adana kanel da direbobi a hiberfil.sys. Direban da ya rikice jiya da rikicinsa zai tashi yau. Restart ne ke wanke shi, ko riƙe Shift yayin kashewa. Mai gyara kuma ya kiyaye: faifan da aka ciro daga kwamfutar da ke cikin wannan hali, aka rubuta masa abu a wata na'ura, aka mayar, na iya lalata fayiloli. Dalilin da ya sa ke nan Linux ke buɗe irin wannan ɓangaren na Windows don karatu kawai.

4.5 Dogon barci a matsayin tsarin yau da kullum

Daga abin da ya gabata, tsarin da ya dace da yankin shi ne rufe murfi ya kai kwamfuta S4 kai tsaye, ko bayan ɗan gajeren gyangyaɗi. Abin da ake biya shi ne ƙarin daƙiƙoƙi wajen tashi, waɗanda SSD ke ragewa sosai.

A Windows aikin mai sauƙi ne: powercfg /h on, sannan a zaɓi Hibernate a wurin da ake tsara abin da rufe murfi zai yi, musamman a gefen batir. Mai son ya riƙe saurin gyangyaɗi zai iya ba da powercfg /change hibernate-timeout-dc 30, na'urar ta wuce dogon barci bayan minti 30. Ga wadda batirinta ya mutu sarai, wadda cire caja ke kashe ta, gauraye barci ne ya dace. Ya zo ne tare da Windows Vista, yana rubuta hoton RAM a faifai sannan ya shiga S3, kuma an ƙirƙiro shi ne don kwamfutar tebur mara batir. A kwamfutar tafi-da-gidanka a kashe yake zuwa, sai an kunna, kuma babu shi a na'urar likimo.

Linux ta fi wuya, kuma batunta zai ƙara tasowa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma na neman TPM 2.0 da injin Intel na ƙarni na takwas zuwa sama, sharaɗin da ya bar EliteBook 8470p da Latitude E6430 da ThinkPad T440 a waje. Wasu daga cikin waɗannan za su koma Ubuntu ko Linux Mint, inda dogon barci ba ya cikin jerin zaɓi tun farko. Sharuɗɗan kunna shi uku ne. Filin musaya, wato wurin da Linux ke ajiye hoton RAM a faifai, ya ishi hoton, abin da ya fi aminci ya kai girman RAM, alhali fayil ɗin musayar da Ubuntu ke ƙirƙira da kanta tun fitowar 17.04 yakan gaza haka. Sannan a gaya wa kanel inda hoton yake da resume=, a ƙara resume_offset= idan fayil ne, a sake gina initramfs. Wanda ya tsallake wannan zai ga kwamfutar ta rubuta hoto ta mutu lafiya, ta tashi kamar ba a yi ba. Na uku, idan Secure Boot na kunne, kanel ɗin Ubuntu na shiga halin kulle da ke hana dogon barci, sai an kashe Secure Boot ɗin a BIOS.

Bayan systemctl hibernate ya yi aiki daga layin umarni ne za a koma kan farfajiyar aiki, domin murfi na da masu iko biyu. Fayil ɗin /etc/systemd/logind.conf na da layin HandleLidSwitch, amma Xfce da KDE Plasma da Cinnamon kan karɓe ragamar su bi nasu tsarin, don haka wanda ya gyara fayil ɗin bai ga sauyi ba sai ya duba manajan wuta na farfajiyarsa. Tun fitowa ta 239 a 2018 systemd na da suspend-then-hibernate, kuma layin HibernateDelaySec a /etc/systemd/sleep.conf ne ke ƙayyade tsawon gyangyaɗin. Tsawon da za a sa daga rahoton batir na 4.1 zai fito: batirin da ya rage da watt-awa 10 kada a ba shi fiye da minti 30, wanda ke yankewa ba gargaɗi kuwa a sa HandleLidSwitch=hibernate kai tsaye.